Ranar Tafiya Ba a Nutso

"Kafin magariba, Zihuna. Ban ce bayan magariba ba, ban kuma ce gobe ba."

"Na ji, Mamma."

"Ki dai ji da kyau. Iyayen Wisham za su shigo da an idar da salla. In wannan mai nutson naki ya riga su zama a gaban Bappanki, zan saurare shi. In bai zo ba, zan ba su magana. Ke da bakinki kika yarda."

Ta kashe wayar tun ban ce a gaida Bappa, wato mahaifina, ba.

Ni da bakina na yarda, wannan gaskiya ne. Shekara biyu ina kuka, ina roƙo, ina tura mata 'yan'uwa, kafin in samu wannan 'yar ƙofar. Ranar da ta ce ya zo ta gan shi, murna ta ɗebe ni na rantse mata cewa in bai zo ba na haƙura da shi har abada. To me zai hana Shaffan zuwa? Mutumin da ko cewa na yi ya shanye teku sai ya fara neman kofi?

Ina tsaye ne a bayan kantar ɗakin nutso na otal ɗin tsibirin Belifaru, inda nake aiki. Ni ke gwada wa baƙi rigunan nutso da takalma, ni ke raba su jirage, ni ke shan ƙorafinsu in kunkurun ruwa bai fito ya gaishe su ba. Shaffan kuwa shi ne babban jagoran masu nutso. Shi ke shiga gaba a ƙarƙashin ruwa, baƙi na bin sa a gindin duwatsun murjani.

Laifinsa a wajen Mamma ke nan, ba shi da wani. Ba ya shan komai, ba ya wasa da salla, uwarsa mutuniyar kirki ce a can kudu. Amma yana nutso. Bappana ma mai nutso ne a da, yana tsintar tsutsar tekun nan da 'yan China ke saya. Ina 'yar shekara bakwai aka shigo da shi gida a kan ƙyaure, ciwon nutso ya cinye masa ƙafafu. Tun daga ranar bai sake tsayuwa ba, tun daga ranar kuma maganar gidanmu ta koma bakin Mamma.

"Na tura keke ɗaya a rayuwata," in ji ta. "'Yata ba za ta tura na biyu ba."

Shi ya sa ta ɗauko Wisham, ɗan aminiyarta, ma'aikacin ofis a Male, babban birninmu. Ƙafarsa ba ta san ruwa ba sai na alwala. Ba mugu ba ne, wallahi da mugu ne da na fi samun sauƙi. Ni dai in na dube shi ba na jin komai, kamar na dubi kujera.

Akwai doka ɗaya da nake faɗa wa baƙi kullum, har bakina ya saba: ranar tafiya ba a nutso. Iskar da mutum ya shaƙa a can ƙasa tana maƙalewa a jini, sai a hankali take fita. In ya taso da sauri, ko ya hau jirgin sama ba ta gama fita ba, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Inda kumfar ta tsaya, nan za ta kashe. Ta Bappa a ƙashin baya ta tsaya.

Don haka tun jiya Shaffan bai taɓa ruwa ba. Jakarsa na ƙarƙashin kantata, da farar rigar da ya goge har sau biyu, da alewar kwakwar da mahaifiyarsa ta naɗe a ganyen ayaba don Mamma. Da hantsi za mu hau jirgin ruwa mai gudu zuwa Male, daga can jirgin sama ya kai mu arewa.

Sai ga shi ya leƙo yana murmushi, hularsa a juye.

"Zihu, zan raka jirgin safe."

"Za ka me?"

"Rakiya kawai. Sabon jagora ne zai shiga da su, ni ina sama ina kallo. Yanzu za mu dawo."

"Shaffan, yau ce fa."

"Na sani, ranki ya daɗe. Ko alwalata ce ta karye, sai na dawo tudu zan sake."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, a hannunki."

Na yi dariya, ya tafi. Ina kallon donin, jirgin katakon da ke kai su, har ya sha kwanar tsibirin.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Ina dai tsugune ina fama da wani Bajamushe da ya rantse takalman nutsonsa sun yi masa kaɗan, sai rediyon kanta ya yi ƙara. Muryar Adambe ce, dattijon da ke tuƙa donin. Mutumin da ko hadari ya taso ba ya ɗaga murya, yau ihu yake yi.

"A kira likita! A kawo likita bakin gada, muna tahowa!"

Na fizgi rediyon.

"Adambe, Zihuna ce. Waye?"

"Baƙuwa ce, amaryar nan 'yar Italiya. Tana numfashi, alhamdu lillahi."

"Shaffan fa?"

Na sake danna rediyon.

"Adambe, don girman Allah, Shaffan fa?"

"Shi ya ɗauko ta, 'yata."

Ban san sadda na zauna a ƙasa ba. Bajamushen yana ta tambayata ko lafiya, da takalmi ɗaya a ƙafarsa.

A bakin gada, inda jirage ke tsayawa, na ji sauran labarin. Manyan kifayen nan masu fukafukai ne suka zo wucewa ta mashigar ruwa, amaryar ta bi su da kyamara, ta bar mijinta, ta bar jagora. A mashigar nan akwai inda ruwa ke ja ƙasa, duk ɗan tsibiri ya san shi. Ya ja ta. Sabon jagoran ya taso a gigice yana dukan ruwa, Shaffan bai ko sa rigar nutso ba, ya saɓi tukunyar iska ya faɗa. Ya same ta can ƙasa, inda ba a kai baƙi, iskarta ta ƙare. Suka raba tasa. Suna tasowa, a daidai inda ake tsayawa a jira jini ya huce, tasa ma ta ƙare. Dole suka fito ba su gama jiran ba.

Na same shi a ɗakin likita, a kwance, an rufe masa hanci da baki da robar iska. Yana ganina ya ture ta ya tashi zaune.

"Lafiyata lau, Zihu. Duba." Ya motsa yatsun ƙafarsa. "Ɗauko jakata, za mu makara."

Likitar otal ɗin, wata 'yar Sri Lanka mai ƙaramar murya, ta mayar masa da robar.

"Baƙuwar za a kai ta asibiti yanzu. Kai ban ga komai a jikinka ba tukuna, amma ciwon nan yakan yi laɓe. Jirgin sama kam, ka manta da shi sai bayan kwanaki."

Ta fita ta bar mu. Na tsaya a jikin ƙofa, don in na matso kusa na san ba zan iya faɗin abin da zan faɗa ba.

"Ba za ka je ba."

"Zan je."

"Shaffan, kai kake koya wa mutane wannan dokar."

"Jirgin arewa ba ya yin sama sosai. Tafiyar ma ba nisa. Na san waɗanda suka yi, ba abin da ya same su."

"Ni kuma na san wanda ya same shi. Ni nake wanke masa ƙafa in na je hutu."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"To ya kike so in yi? Jirgin kaya sai jibi zai isa tsibirinku. Kin rantse mata, Zihu. Na san ki, ba za ki karya ba. In magariba ta yi ban zo ba, shi ke nan, na rasa ki saboda wata mata da ko sunana ba ta sani ba."

"Da sai ka bar ta ta mutu?"

"A'a."

"To ka gani."

"Ki kira Mamma ki gaya mata abin da ya faru."

Na kira, a gabansa. Har sau uku tana katsewa. A na huɗu ta ɗauka ta ce tana gaban kasko, in uzuri ne in riƙe abina, ta ajiye.

Hawayen da nake ta dannewa suka ɓalle. Na durƙusa a gefen gadon.

"Ka saurare ni. Zan je ni kaɗai, zan yi mata bayani ido da ido. In ta ji, alhamdu lillahi. In ba ta ji ba..." Na kama hannunsa. "Wallahi gara in gan ka tsaye da ƙafafunka a bikin wata, da in tura ka a keke a nawa."

"Kada ki ƙara faɗin haka."

"Ka yi min alkawari ba za ka hau ba."

Ya juyar da kai wajen bango.

"Shaffan, ka yi min alkawari!"

"Za ki rasa jirgi, Zihu."

Abin da na samu ke nan. A waje na kama hannun rigar Adambe, na ce ya zauna a ƙofar ɗakin nan, ko banɗaki Shaffan zai shiga ya bi shi. Dattijon ya ce in tafi, yana hannunsa.

Ban ga komai a hanya ba. A cikin jirgin sama kujerar kusa da ni babu kowa, na ɗora ƙunshin alewar kwakwa a kai. Duk sadda jirgin ya ƙara sama kunnena ya toshe, sai in ji tsigar jikina ta tashi, ina tuna abin da wannan hawan zai yi wa jininsa.

Ana kiran la'asar na sauka a Kandubidu, tsibirinmu. Tun daga lungu nake jin ƙamshin suyar Mamma. An share tsakar gida, an zuba sabon farin yashi. Bappa yana kan kekensa a inuwar mangwaro, an sa masa rigar salla. Wanda na fara cin karo da shi kuwa Wisham ne, ɗauke da kujeru biyu, ya naɗe hannun riga kamar ɗan gida.

Ya dubi bayana, ya dubi ƙofa.

"Sannu da hanya, Zihuna. Ke kaɗai?"

"Ka ga wani?"

"Allah ya ba ki haƙuri, tambaya na yi."

"Ai an ce sai bayan magariba za ku zo. Ko agogon ofis ne ke gudu?"

Ya ajiye kujerun, bai yi fushi ba. Ban taɓa ganin ya yi fushi ba, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

"Na zo taya Mamma aiki ne. Na san ba ni kike so ki gani ba. Ni ban iya abubuwan da yake yi ba, ko iyo ban iya sosai ba. Amma in an ce in zo, ina zuwa."

Maganar ta soke ni. Na wuce na durƙusa gaban Bappa, ya dafa kaina. Sai ga Mamma ta fito daga kicin da matsami a hannu, fuskarta duk gumi. Ita ma bayana ta duba.

"Ina yake?"

"Mamma, ki zauna in yi miki bayani."

"Ina yake, na ce?"

"Wata baƙuwa ce ruwa ya ja, ya shiga ya ceto ta. Likita ta hana shi hawa jirgin sama. Zai taho ta ruwa, jibi zai iso. Ga saƙon mahaifiyarsa."

Na miƙa mata ƙunshin. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ya shiga ruwa. Yau." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ranar da aka ce ya zo neman aurenki, ya shiga ruwa. Kin ji da kunnenki ko? Haka suke. Ruwa ne uwarsu, ruwa ne matarsu, ke sai abin da ya rage."

"Rai ya ceto, Mamma!"

"Allah ya ba shi lada. Ni 'yata nake ceto."

"Kwana biyu kawai nake roƙo."

"Na ba shi rana, na ba shi lokaci. Kin rantse ko ba ki rantse ba?"

"Na rantse."

"To ki shiga ki yi wanka. Na fitar miki da shuɗiyar rigarki."

Na rarrafa na kama ƙafarta. Ban damu da Wisham da ke tsaye ba, ban damu da maƙwabta da ke leƙe ta katanga ba.

"Mamma, ki dube ni. Ban taɓa saɓa miki ba. Kika ce in bar karatu in nemi aiki, na bari. Kika ce kada in koyi nutso, ina zaune a bakin ruwa shekara da shekaru ban taɓa leƙa ƙasansa ba. Abu ɗaya na roƙe ki a duniya. In kika ba su magana zan bi, ba zan kunyata ki ba, amma wallahi gawa za ki kai gidan Wisham."

"Za ki yi kuka ki gama. Ni ma na yi na gama."

"Ba ki gama ba, Mamma. Ina jin kukanki da dare."

Man matsamin ya ɗiga a yashi. Kafin ta yi magana wayata ta yi ƙara. Adambe ne.

"'Yata, ki yafe ni. Na je salla, na dawo ban same shi ba."

Na miƙe tsaye.

"Ba ka same shi ba kamar yaya?"

"Ya bi jirgin da ya kai baƙuwar Male. Yaran sun ce a filin jirgin sama ya sauka, da farar riga a jikinsa. Akwai jirgin yamma mai zuwa wajenku."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira lambarsa, tana shiga, bai ɗauka ba. Na sake, ya katse. Na sake, ya katse. Ya san abin da zan faɗa, shi ya sa. Na zube a gindin keken Bappa ina ta danna wayar kamar mahaukaciya.

"Zai hau, Bappa. Zai hau jirgin, don ya iso kafin magariba."

Bappa ba mai magana ba ne. Tun da ya kwanta, in ya ce "to" ya ce "Allah ya kyauta", ya gama na yini. Sai na ji ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ya yi zurfi?"

"Sosai."

"Ya tsaya a hanya da zai taso?"

"Bai gama ba. Iska ta ƙare."

Ya rufe ido. Da ya buɗe, ba ni ya duba ba.

"Sharifa."

Rabon da in ji ya kira sunan Mamma a gabanmu har na manta.

"Sharifa, wane lokaci kika ba yaron nan?"

Mamma ta kau da kai.

"Ina tambayarki."

"Kafin magariba," ta faɗa can ƙasa.

"Kafin magariba," in ji Bappa. Bai ƙara komai ba, ya dai ci gaba da kallonta.

Matsamin ya faɗi. Na ga fuskar Mamma ta canza, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Ta ja baya ta zauna a kan ɗaya daga kujerun da Wisham ya kawo, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Ka ce ba za ka taɓa tayar da maganar nan ba."

"Ban tayar ba, shekara ashirin. Yau ma ba don ni ba ne."

Na dubi wannan, na dubi wancan.

"Wace magana? Mamma, wace magana?"

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban taɓa ji daga bakinta ba sai ta bayan bango.

"Ranar bikin kaciyar yayanki ne. Gida ya cika, masu ganga sun zo, dangina sun zo daga tsibirai, uban yaro yana teku. Matan suna ta yi min habaici. Raina ya ɓaci, na je wajen mai rediyo na ce a gaya masa, in magariba ta yi bai iso ba kada ya shigo min gida." Ta ja numfashi da ƙyar. "Yana ƙasa saƙon ya je. Suka ja masa igiya. Ya taso bai tsaya ba, don kada ya makara. Ya iso kafin magariba, Zihuna. A kan ƙyaure."

Ina jin man da ke ƙonewa a kicin. Ashe ba ruwa take tsoro ba duk shekarun nan. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, na rasa wanda zan bi.

"Ni na taso, ba ke kika taso da ni ba," in ji Bappa a hankali. "Na sha gaya miki. Nawa ya wuce. Amma yaron nan bai hau ba tukuna."

Mamma ta share fuska da tafin hannu, ta miƙe.

"Kira min shi."

"Ba ya ɗaukar tawa."

"Kira da tawa."

Ta ciro tsohuwar wayarta daga ƙugu. Na sa lambar, har na yi kuskure na goge na sake. Na san abu ɗaya: shekara biyu lambar Mamma tana cikin wayar Shaffan, ya rubuta mata "Mamma", bai taɓa samun ƙarfin halin kira ba. Na buɗe muryar don kowa ya ji.

Tana shiga. Ba a ɗauka ba.

Na dubi rana, ta fara sauka bayan itatuwan kwakwa. Wataƙila ya riga ya shiga. Wataƙila an rufe ƙofa, an ce a kashe wayoyi. Ya Allah, ya Allah, abin da bakina ke iya faɗa ke nan.

"Sake kira," in ji Wisham daga bayana. Na ma manta yana wurin.

Na sake. Ta yi ƙara, ta yi ƙara, sai aka ɗauka. Iska da rugugin inji suka cika wayar.

"Salamu alaikum... Mamma?" in ji Shaffan. "Mamma, ina hanya. Ga ni a gindin matakala, yanzu zan shiga. Don Allah kada ki ba su magana, zan iso kafin..."

"Kada ka hau."

"Na'am?"

"Na ce kada ka taka matakalar nan. Ka koma baya."

"Mamma, in ban zo ba Zihuna ta rantse..."

"Ni ta rantse wa. Ni na sa lokaci, ni na cire. Kana jina ko ba ka ji?"

Muna jin wata mata tana ce masa malam ka shiga ko ka ba mutane hanya. Na cusa yatsuna a baki na cije.

"Na koma," ya ce. "Na koma gefe, Mamma."

Wisham ya sauke hannun rigarsa, ya ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Bari in je in tare su Baba, kada su yi wahalar fitowa," ya faɗa ba tare da ya dubi kowa ba. A ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya fita. Ranar ce kaɗai na ji wani abu game da shi, kuma kunya ce.

Bappa ya miƙo hannu, Mamma ta kara masa wayar.

"Yaro, mahaifin Zihuna ne. Kada ka yi min ƙarya, ni na san ciwon nan fiye da likitarku. Akwai inda ke maka zugi?"

Na matso kusa da wayar.

"Kafaɗata, Bappa. Kaɗan. Tun a jirgin ruwa ta fara. Yatsuna biyu kuma kamar ba nawa ba."

Na ƙwalla ƙara. Bappa ya ɗaga min hannu.

"Haka nawa ya fara. Yanzu ka nemi ma'aikatan wurin, ka ce a kai ka asibitin da aka kai baƙuwar, su sa ka a ɗakin iskan nan da ke narkar da kumfar jini. Kada ka ɗauki jaka, kada ka yi gudu. A zamanina babu wannan ɗakin kusa, kai kana da shi. Ka ji?"

"Na ji, Bappa. Amma in suka riƙe ni kwanaki..."

Mamma ta karɓe wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, hawaye na bin haɓarta suna sauka a kan rigar.

"Su riƙe ka wata guda, muna nan. Ba inda za mu. In sun sallame ka, ka biyo ruwa." Ta matso da wayar bakinta. "Kada ka yi sauri saboda kowa. Ka taho a hankali, ka ji? Ka taho a hankali, zan jira."

Da wayar take magana, amma Bappa take kallo.